Daddawar Bature

Sati shida mahaifina ya yi a unguwarmu Maamobi, a Accra, yana kallon miya lami yana juya mata baya, saboda kalma ɗaya da yayana ya haɗiye a waya.

Baba mutum ne da ya san bakinsa. Albasa ya sayar a kasuwar Agbogbloshie har ƙarfinsa ya ƙare, bai tara komai ba, amma ba a ajiye masa abinci yadda aka ga dama. Shinkafa da wake, wadda mutanen Accra suka mayar waakye, sai da shito, soyayyen barkonon nan baƙi wuluk wanda ya ji busasshen kifi. Tubani da ƙosai sai yajin ƙuli. Dokunu kuwa, dafaffen ƙullin masarar nan mai tsami, ɗanyen barkono ne da albasa, kada ma a nuna masa shito a wurin. Duk waɗannan in babu yana haƙura. Tuwo ne ba ya wasa da shi: miyar ayoyo ko ta kuka, da daddawar kalwa ta gaske, irin wadda in ana daka ta sai duk masu haya a gidan sun sani.

Da hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na hagu ya shanye, muka kwana biyu a asibiti. Ranar sallama aka ba mu takarda da Turanci, ta abin da zai ci da abin da zai bari. Ina waje ina neman tasi, Inna ta ɗauki hotonta da waya ta tura wa Yaya, babban ɗanta, wanda ya shekara goma sha ɗaya a Jamus. Kafin mu isa gida har ya aiko da saƙon murya.

"Inna, dokita ya ce no salt. Ba gishiri, ba mai da yawa, ba daddawa. Kar wani ya yi mini wasa da ran tsoho."

Wani ɗin ni ce, don ni ce mai tukunya. Na ce Inna ta ba ni takardar in gani, ai ni ma na yi makarantar nan. Ta riga ta ninke ta, ta cusa a akwatin zannuwanta.

"Yayanka ya karanta," ta ce, da irin Hausarta ta Zango da ba ta raba mace da namiji. "Kai me za ka ƙara a kai?"

Na ƙyale takardar a akwatin. Wannan sakacin shi ne laifina, kuma ban yafe wa kaina shi ba.

Na fara dafa abin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sa baki. Ayoyo da ruwa da ɗan kifi, shi ke nan. Baba yakan yi loma ɗaya, ya tauna a hankali da ɓarin bakin da ya rage masa, ya ture kwanon. Bai taɓa yin faɗa ba, shi da a da yake mayar da miya don an sa kanwa ta yi yawa. Sai dai ya ce ya ƙoshi. Maganin kuma dole sai da abinci a ciki, ga shi babu abincin. Na ga wuyan rigarsa yana ƙara faɗi. Ranar da na ɗaga shi daga tabarma ni kaɗai ban nemi taimako ba, na shiga bayan gida na yi kuka.

Yaya kuwa kullum Lahadi yana kan bidiyo, kumatu sumul, yana tambaya ko muna bin doka. Wata rana ma cokali na hannunsa, yana cin waakye da shiton da ni na soya masa na aika. Ya ce tsoho ya rame, anya ina kula da shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma a gidanmu na ƙetaren teku ake tambaya.

Ranar komawa asibiti dole aka fito da takardar, ni kuma na riƙe ta. A kan layi na buɗe. Na karanta sau biyu, na sake bi da yatsa. Babu daddawa a ciki. Abin da aka hana shi ne dunƙulen nan na kanti da ake murmushawa a miya, mai gishiri, wanda tsofaffinmu suke kira daddawar Bature. Yaya ya ga kalmar, ya nemi Hausarta a abin da ya rage masa, ya kawo rabi ya bar rabi.

Na tare nas ɗin da ke auna jini na tambaye ta. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Dawadawa dee, eye papa," ta ce da Twi, wai daddawa kam ai mai kyau ce. "Wa ya hana shi? Ku sa masa, gishirin dai ku rage."

A tasi na gaya wa Inna. Na ɗauka za ta yi salati. Sai ta gyara mayafi ta ce sai Yaya ya faɗa da bakinsa. Takarda na hannuna, nas ta yi magana, mijinta na jingine a kafaɗarta kamar buhun da aka zazzage, amma sai Jamus ta yarda.

Na kira shi tun ban cire takalmi ba.

"Yaya, daddawar Bature aka rubuta."

"Ai abin da na ce ke nan. Daddawa. The cube."

"Ka ce Bature? Ina Baturen? Sati shida Baba ba ya cin abinci!"

"Ke, ki iya bakinki. Ku ne ba ku da common sense."

Ya kashe. Ko sannu bai ce ba. Bayan la'asar sai ga saƙon murya ya shigo wayar Inna, da muryar nan tasa ta manya: wai ya yi bincike, ya gano ta kalwa ba ta da illa, a sa wa tsoho kaɗan. Inna ta kai wa Baba har kunne, ta kunna masa sau uku.

Na hau trotro, motar haya, zuwa Kasuwar Malam Atta, wurin wata tsohuwa 'yar garin Wa da ba ta haɗa kalwarta da waken suya. Na sayo daddawar, na daka har hannuna ya yi tsami, rabi don miya, rabi don haushi. Na burge ayoyo, na tuƙa tuwo mai laushi yadda zai iya haɗiya. Tun ina zubawa na ji yana gyara zama a ɗaki.

Ya ci. Loma ɗaya, biyu, har na daina ƙirgawa. Miya na bin gefen bakinsa ina goge masa. Ya sa yatsa ya suɗe kwanon tas, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sai ya ɗago ya dube ni, idonsa cike da hawaye, na matso don in ji, saboda maganarsa ba ta fita sosai.

"Ki kira mini yayanki," ya ce. "Allah ya yi wa yaron nan albarka. Yana can uwa duniya, amma bai manta da cikina ba."

Inna ta ce amin. Ni ma na ce amin, don ba a barin addu'ar uba ta faɗi ƙasa. Na danna masa lambar, na riƙe masa wayar a kunne da hannun da ke warin daddawa, har suka gama.