Kwamfutar da Ba Ta San Ƙarfe Nawa Ba

Ofishin shirin noman da na yi wa aiki a Karaye ya sami kwamfuta tun mutane ba su gama iya faɗin sunanta ba, kuma ni aka ɗora wa ita, don kawai na iya buga tafireta. Injiniyan da ya kawo ta daga Kano ya ɗan koya mini abin da ya sawwaƙa. Zai shiga mota ne ya ce ɗan batirin agogon cikinta ya mutu, ba ta riƙe lokaci. Amma kada mu damu, in ji shi, ga wani ɗan akwati nan ya bari, ranar da aka jawo mana layin tarho za ta riƙa kiran wata 'yar'uwarta a Kano ta tambayi lokaci da kanta. Muka ɗora akwatin a kan kabad muna jiran tarho. Gizo-gizo ne kaɗai ya more shi.

Saboda haka duk sanda aka kunna ta, sai ta farka a wata tsohuwar shekara, tun ina firamare, ta tsaya tana ƙyafta ido sai an gaya mata kwanan wata da ƙarfe nawa. Ni kuwa in duba agogon hannuna, wanda nake saitawa da rediyo kowace safiya, in buga mata. Wuta ta ɗauke, ta manta. Janareto ya yi tari, ta manta. Kamar tsohuwar da ta rikice, a rana ɗaya sai ta yi ta maimaita maka tambaya guda.

Batirin nan bai fi maɓallin riga girma ba. Sai dai an manna wata takarda a bakin murfin kwamfutar, kuma manajanmu ya ce kayan gwamnati ne, wanda ya yage takardar shi ya san inda zai kwana. Na yi ƙoƙarin koya wa abokan aikina yadda ake saitin. Kowa sai ya maida hannu baya ya ce, "A'a Malam, in ta lalace a hannuna fa?" A wurinmu wanda ya taɓa abu na ƙarshe shi ne mai laifi. Har mai shara ba ya kai tsintsiyarsa kusa da teburin.

Sau ɗaya na tafi gida ban dawo da wuri ba. Akawu ya yi ta maza ya kunna ta, ya danne tambayar ya wuce, rahoto ya tafi Kano ɗauke da waccan tsohuwar shekarar. Aka dawo da shi, aka yi wa manaja dariya a taro. Tun daga ranar ya damƙa mini makullin ɗakin. Mutane suna taya ni murna, wai na zama babba, ni kuwa na san an ɗaure ni ne a turke.

Gidanmu yana wani ƙauye gaba da Rogo, kuma mahaifina yana kwance tun damina, ƙirji ya hana shi fita ko wajen shanunsa. Na roƙi a maida ni reshenmu na Rogo. Manaja ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Kullum amsarsa, "Bari tarho ya zo, Malam." Na tsani akwatin nan na kan kabad, har ba na son ɗaga kai in gan shi.

Wata Laraba da hantsi wani ɗan garinmu ya tsaya da babur a bakin ofis, ya ce jikin Baba ya tsananta, yana kiran sunana. A ranar ne kuma manyan baƙi za su zo daga Kano ganin kwamfuta.

"Ranka ya daɗe, mahaifina ne," na ce wa manaja.

"Allah ya ba shi lafiya. Baƙin sun taso, suna hanya. Da sun gani sun juya, direba zai kai ka har ƙofar gida."

"Na saita ta, yallaɓai. A bar ta a kunne kawai."

"In janareto ya mutu a gabansu fa? Wa zai tashe ta?"

Na koma na zauna. Aka kira azahar, baƙi shiru. Ina kallon lambobin agogon suna canzawa a kan gilashin kwamfutar, daidai suke, ni na saita su da hannuna. Janareton ko tari bai yi ba ranar. Sai bayan la'asar suka iso, suka leƙa, babbansu ya ce madalla, suka wuce cin abinci.

Muna shiga gari na hangi tabarmi a ƙofar gidanmu, mutane suna dawowa daga maƙabarta. Baffana ya riƙe hannuna ya ce, "Sai haƙuri, ɗana. Mun jira ka har rana ta karkata." Kunya ce ta fi baƙin cikin yawa a wannan lokacin.

Washegari muna zaune ana karɓar gaisuwa, sai ga direban ofis ya dawo. Dattijo ne mai kirki. Ya durƙusa, ya isar da ta'aziyyar manaja, aka yi addu'a aka shafa. Sannan ya matso kusa da ni, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Malam, ka gafarce ni, aiko ni aka yi. Baƙin sun ce a tura musu rahoto gobe. An kunna ta, ta tsaya tana tambaya."

Baffa ya ji. Ya dube ni, ya dubi direban, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na tashi na shiga neman takalmana a cikin na masu gaisuwa.