Sunan da Inna ba ta kira ba

Shekara tara ke nan cif. Ranar Talata ce, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na yamma, a gidanmu na unguwar University Heights a nan ƙasar waje, hawa na shida. Mu uku ne: ni, da mahaifiyata Inna Hajo a kan gadon jinya, da ɗana Bashir mai shekara goma sha ɗaya yana zaune a falo.

Mako biyu kafin nan Bashir ya dawo daga makaranta da labarin wani tsohon jirgin ruwa na Turawa da ya nutse, aka ce mata da yara su fara fita. Da Turanci ya ba da labarin, don Hausa yana jinta amma ba ya mayarwa. Ni na fassara wa Inna. Ta dubi taga, sannan ta ce, "To, wa ke cewa wannan yaro ne, wancan babba?"

Ranar na ji abin da dangi suka ɓoye mini. Ina goye a bayanta jirginsu ya fara shan ruwa a tsakiyar kogin Kwara. Masunta suka kawo kwalekwale ɗaya, suka ce mata da yara tukuna. Yayana, ɗanta na fari, shekararsa goma sha ɗaya amma dogo ne. Mai tuƙin ya nuna shi ya ce, "Baiwar Allah, wannan naki ne?" Surukarta na zaune kusa da ita. A wajenmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban manya. Inna ta sunkuyar da kai. Aka bar shi cikin maza, aka ce za a dawo. Da aka dawo, ruwa kawai aka tarar.

Ko a wannan labarin "yaron nan" ta ce.

Ranar Talatar, ina gyara mata filo, sai ta ɗago kai ta dubi ƙofa. Da muryar da ban san tana da ita ba ta ce, "Sa'idu! Nawa ne, ku dawo da shi!"

Daga falo Bashir ya amsa, "Na'am, Inna." Da Hausa. Bai taɓa jin sunan ba.

Kafin magariba ta cika.

Yau idan na hau jirgin fito na birnin nan, na ga rigunan ceto jere a ƙarƙashin kujeru, nakan tambayi kaina ko za ta ce an ci gaba. Ina jin za ta tambayi wa ke tantance yara ne kawai.

Kunyarta na gada, ban da wannan guda. A titin 125 nakan kira Bashir, ɗana na fari, da sunansa da ƙarfi, tsofaffin mata 'yan Nijar suna hararata. Bashir ya cika ashirin a bana. Ya ce bai tuna ya amsa kowa ba.