Idin Kaka da Aka Ɗage

Duk lokacin da na shaƙi turaren lubban a tsakiyar bazara, sai Kaka ta faɗo min a rai. Wallahi har yau ina kewar tsohuwar nan.

A unguwar Gidan Dare muke haya a Sakkwato, Turawa na shirin tafiya, mu kaɗai ne Katolika a layinmu. Kaka ba ta karatu. Kalandarta igiya ce: bayan Kirsimeti takan ƙulla ta, kowace safiya ta kwance ƙulli guda, har ranar da mala'ika ya yi wa Maryamu albishir. Ranar aka yi wa Kaka baftisma, ba ta taɓa fashin coci a cikinta ba.

Shekarar da nake ba ku labari, ciwo ya cinye ta. Burinta ɗaya, ta sake ganin idinta kafin ta tafi. Da ƙullin ƙarshe ya kwance, ta ɗaura farin zanenta, ta dafa kafaɗata, muka ja ƙafa cikin zafin nan mai gasa tafin ƙafa.

Muka tarar babu fure, babu waƙa, an lulluɓe siffar Maryamu da ƙyalle. Malamin coci ya durƙusa ya ce, "Inna, bana idinki ya faɗo cikin Mako Mai Tsarki. Babba ya zo, ƙarami kan ba shi hanya. An ɗage sai bayan Ista, kwana goma sha biyu."

Kaka ta ce, "Ikon Allah! Idin ma ɗage shi ake kamar shari'ar alƙali?"

Ni kuka na fashe da shi, don na ji Baba na cewa da ƙyar ta kai mako.

A gida, maƙwabciyarmu matar liman ta kawo kunu, ta ji labari ta yi dariya. "Ashe ku ma wata ka jan Istarku, kamar sallarmu! Yi haƙuri, tsohuwa."

Kaka ta miƙo min igiya. "Ƙulla goma sha biyu, 'yar nema. Tunda sun ɗage, ni ma na ɗage."

Kowace safiya da faɗuwar gaba nake leƙa ɗakinta, in tarar tana fama da ƙulli. A keke Baba ya tura ta coci ranar idin, ta yi waƙa har muryarta ta dushe. Kwana biyu bayan nan muka rufe ta.

Yanzu jikokina waya suke dannawa ta faɗa musu idin shekara goma masu zuwa. Ni kuwa igiyar tana nan a ƙasan akwatina, babu ƙulli ko ɗaya da ta bari.