Ƙarfe Takwas na Malam Gwadabe

Shekara ashirin da uku Malam Gwadabe yana tsayuwa a ƙofar wata sakandare a Panshekara, usur a wuya, fuska a murtuke. Shi ne malamin ladabtarwa. Tun da aka hana bulala ya rungumi takardar kiran iyaye, kuma wallahi yana ji da ita. Ka yi latti sau uku, ya miƙa maka: gobe ƙarfe takwas ka zo da mahaifinka, in ba haka ba ka yi zamanka a gida. Ba uwa, ba yaya, balle kawun haya. Uba yake so.

Uwaisu ɗan aji biyar ne, yaro mai kai, amma ya jera kwana huɗu yana latti. Wai famfon unguwarsu ya lalace, sai ya ɗebo ruwa daga nesa. Malam ya ji irin wannan har kunnensa ya gaji.

"Malam, don Allah ku yi haƙuri, Babana aikin safe yake yi."

"Ni kuma wasa na zo yi nan? Karɓi!"

Washegari uban ya zo. Isyaku sunansa, sanye da takalmin roba, hannuwansa duk sun dafe. Malam ya bar shi a benci har aka gama taron safe, bawan Allah sai kallon agogon bango yake. Da aka kira shi ya durƙusa ya ba da haƙuri. Magana ko minti biyar ba ta kai ba.

Abin da Malam bai sani ba, Isyaku leburanci yake yi, na biyan kullum-kullum, a wani kamfanin fata a Challawa. Ƙarfe bakwai ake kiran suna a ƙofa, wanda bai amsa ba akwai mutum talatin a bayansa. Ranar aka ba wani gurbinsa, aikin ya tafi ke nan.

Uwaisu bai ƙara latti ba. Bayan wata guda kuma ya daina zuwa gaba ɗaya. Da aka yi sati biyu, ran Asabar Malam ya hau babur har gidansu, ya tarar da Isyaku zaune a tabarma da hantsi, ya ji komai daga bakinsa.

"To ina yaron?"

"Yana Sharada, kamfanin leda. Matasa suke ɗauka yanzu."

"Haba Malam Isyaku! Me ya hana ku gaya mini?"

"Ku kuka kira, Malam. Ta yaya zan ƙi zuwa?"

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Malam ya je kamfanin fatar ya roƙa, maigadi ko ƙofa bai buɗe masa ba. Ya sami shugaban makaranta, shi kuma ya ce a bi doka: yaron da ya yi sati biyu bai zo ba, a kira mahaifinsa.

Malam Gwadabe ya koma ofis, kunya da baƙin ciki sun cika shi. Ya zaro takardar, ya rubuta sunan Isyaku. Da ya zo wurin sa lokaci sai hannunsa ya tsaya. Yanzu kam kowane ƙarfe ya rubuta, mutumin zai samu zuwa.