Allo Biyu, Ido Ɗaya

Duk wanda ya shiga ofishin safiyon nan na masu auna filaye da ke bayan kasuwar Utako zai tarar da Datti a kujerar lungu, allon kwamfuta biyu a gabansa, ido ɗaya a fuskarsa. Baƙi kan saci kallon tabon, shi kuwa ya bar su har su gaji.

Mutumin Funtuwa ne. Ya koyi zanen taswira a Kaduna, ya shigo Abuja da jaka ɗaya da taurin kai. Shekara tara yana zana filayen mutane a kan wata 'yar kwamfutar cinya mai allo inci goma sha huɗu, faɗinta bai wuce faifan rufe tuwo ba. In ya buɗe zane, hoton ƙasa na tauraron ɗan'adam ya ɓuya. In ya buɗe hoton, zanen ya ɓuya. In ya matso da kusurwa ɗaya don ya karanta lamba, sauran filin ya fice daga allon. Da buɗe-rufen ya ishe shi, sai ya daina duba hoton kwata-kwata. Ai lambobi ba sa ƙarya, in ji shi.

Ba don bai roƙi manyan alluna ba. Ya roƙi maigidansa, Oga Lukmanu, har ya gaji.

"Inci ashirin da bakwai guda biyu, oga. Ɗaya zane, ɗaya hoto."

"Sinima za ka buɗe mini a ofis? Ka yi manej, Datti."

Lukmanu kuwa mutum ne da zai sauya mota ba gardama, amma ya tsaya cinikin biro.

Sai wani kamfanin gine-gine ya kawo aikin fili a gefen Karmo, da tsohuwar takardarsa. Lambobin fili iri biyu ne: akwai tsohon lissafi da ake kira na Minna, akwai wanda na'urar zamani ke bayarwa. In ka cusa ɗaya a madadin ɗaya ba ka juya shi ba, fili yakan gusa da kansa. Takardar ta Minna ce, Datti bai lura ba. Layinsa ya zame mita tamanin, ya hau kan gidaje goma sha ɗaya. Da Datti aka je kafa turakun siminti, shi ma ya riƙe gwangwanin jan fenti da aka shafa wa bangayen. Mazauna suka yi ta rantsuwa cewa filin kamfani bai tsallako rafi ba. Ba wanda ya saurare su. Aka ba su kwana goma sha huɗu su kwashe.

Ranar da wa'adin ya cika aka kawo allunan, ba don Datti ba, don Lukmanu na jiran manyan baƙi yana so ofis ya yi kwarjini. Datti ya jona su yana murmushi kamar ango. Ya buɗe aikin Karmo a hagu, don shi ne na ƙarshe da ya yi, ya buɗe hoton a dama. A karon farko ya ga filin gaba ɗayansa. Takarda ta ce iyakar tana bin rafi. Ga rafin can a hoto, ga layinsa nan, tsakaninsu rufin kwano goma sha ɗaya.

Ya kira manajan kamfanin, waya ba ta shiga. Ya fizge tsohuwar takardar ya fita da gudu, silifas ɗaya ya tsinke a matakala bai waiwaya ba.

Tun daga bakin titi ya ji rugugin katafila. Gida huɗu sun riga sun kwanta. Kamfanin ya ɗauko ƙartai da gora da adda, mazauna kuma sun tara duwatsu. Wani dattijo na zaune a kwata, jini na bin gemunsa. Wata mata na jan katifa daga ƙarƙashin bulo, aka sa mata gora a gadon baya ta kifa. Datti ya kutsa ya tsaya gaban bakin katafilar, yana ɗaga takarda.

"Ku tsaya! Kuskure ne! Ni na zana, ni na yi kuskure!"

Ƙartan suka ɗauka ɗan unguwa ne. Gora ta farko ta same shi a kafaɗa, ta biyu ta karya masa yatsu biyu. Ya faɗi, ya miƙe, ya rungume ƙarfen katafilar da hannun da ya rage. Suka yi ta dukansa a haƙarƙari, shi kuwa ya ƙi saki. 'Yan unguwa kuma sun gane shi. Rekiya mai abinci, wadda gidanta mai shuɗin rufi ne ya fara faɗuwa, ta yi kururuwa:

"Shi ne! Wannan mutumin ne ya zo da jan fenti!"

Dutsen da ta jefa bai kai dunƙulen hannu ba. Ya sauka a idonsa na hagu. Datti ya ji wani abu mai ɗumi ya gangaro masa, duniya ta rabe biyu. Direban katafila, da ya ga mutum jina-jina a bakin ƙarfensa, ya kashe inji ya dire ya arce. Gida bakwai suka tsira.

Bai kai ƙarar kowa ba. Da aka tambaye shi ko ya ga mai jifan, ya ce ai ƙura ta yi yawa. Har yau takaici na cin sa, kuma ba na idon ba ne.

Yana nan a kujerarsa. Hoto a dama, ɓangaren idon da ya rage. Zane a hagu, sai ya juya wuya kafin ya gan shi. Catherine, sabuwar mai zanen da aka ɗauka, ta ce ya musanya su mana, tunda zane shi ne aikin.

"Bar su haka," ya ce. "Gidajen nake so in fara gani."

Kowace safiya, kafin ya taɓa aiki, yakan buɗe hoton Karmo. Tsohon hoto ne da ya adana tun kafin ranar. A cikinsa shuɗin rufin Rekiya yana nan tsaye, har da shanya a igiya.