Gyatsar Anganga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, a ƙauyenmu da ke bayan Ntaja a kudancin Malawi, Allah ya karɓi ran surukata, Abiti Lajabu, wadda yara da manya ke kira Anganga, kakar kowa. An yi mata sutura bayan azahar, aka kai ta makwancinta a gefen mahaifiyarta, masarar bana tana shanye a tsakar gidanta ba a gama ɓarza ba.

Anganga, yau zan yi miki magana kai tsaye, ni Bwanali, mijin 'yarki Asiyatu. Na san da kina ji da kin ja mayafi kin ce wannan mutum ya fara rashin ta ido.

Tun da na auri Asiyatu na tare a gidanku kamar kowane miji a ƙasarmu, na gina ɗakina a filin da kika nuna, na yi noma a gonarki, 'ya'yana suka tashi a gabanki. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa kallon fuskarki ba. Idan muka yi kiciɓis a hanyar rijiya, ke ki ratse hagu, ni in faɗa ciyawa ta dama, ko da ƙaya ce a ciki. Abincinki a ɗakinki kike ci, nawa a ƙarƙashin mangwaro. Na san tarinki, na san takunki, na san zannuwanki ɗaya bayan ɗaya, amma da an jera min tsofaffi a kasuwa an ce in nuna ki da fuska, da na ji kunya.

Wannan bai hana ki yi min faɗa ba. Kina da tafinta. Wata jar kaza ce tawa, jikar kajin da mahaifiyata ta ba ni ranar da na baro gida, ita da kekena su ne duk abin da na mallaka a gidan nan. Sai ki watsa mata tsaki ki ɗaga murya: "Ke ja, ki gaya wa mai keke jinkar rumbu ta zame, ko sai ta faɗo a kaina zai gani?" Ni kuma daga bayan danga in amsa: "Ki ce mata an ji, gobe da safe." Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta bakin kazar nan kika zage ni tas a kan na ƙi shan magani, sannan na tarar da ƙwaryar kunu da ɗumi a bakin ƙofata. Haka muka zauna, kuma wallahi ban taɓa jin ni baƙo ne ba.

Sai farin bara ya zo. Masara ta kai gwiwa ta tsaya, ganyenta ya nannaɗe, ta bushe a tsaye. Abin da muka girbe bai cika rabin rumbu ba, kafin sabuwar shuka ta yi ƙwari rumbun ya zama wurin kwanan ɓeraye, su ma daga baya suka yi ƙaura. Muka koma dafa ɗanyen mangwaro da rana, da yamma a tuƙa ɗan abin da ya samu, rabi gari rabi dusa. Ni kuma na shiga tsallaka iyaka da keke zuwa gonakin Mozambik, in yi wa mutane ƙodago su biya ni da garin masara ko busasshen rogo. Asiyatu tana wuni tsakanin layin rijiya da gona.

A cikin wannan hali aka sauke mana Lukiya daga motar birnin Blantyre. 'Yar autarki ce ta haife ta, ta aiko mana ita hutu, sai haihuwa ta zo wa uwar da gardama, hutun ya zarce. Yarinya 'yar shekara bakwai, da takalmi mai walƙiya da jaka mai hoton zomo. Ranar farko ta leƙa rumbu ta tambaye ki ina ake kunna fitilarsa. Kika yi dariya har da tari, kika ce: "Sannu 'yar birni, tamu fitilar sai Allah ya kunna." Daga ranar ta zama ƙawarki. Ɗaki ɗaya kuke kwana, kwano ɗaya ake kai muku. Kika koya mata tankaɗe, kika koya mata ɗaukar tulu, ta fasa miki biyu ba ki ce uffan ba, ke da kika yi mako kina yi wa kaza mitar murfin tukunya da na taka.

Cikin Lukiya bai karɓi dafaffen mangwaro ba. Kwana biyu ta yi tana zawo, muka tsorata, domin amana ce a hannunmu kuma uwarta tana kwance a asibiti. Kika ce a bar miki ita. Ba a jima ba yarinya ta miƙe, kumatunta suka dawo, tana bin awaki da gudu. Kowace yamma kwanonku yana fitowa a suɗe, kuma daga bayan danga ina jin ki kina wanke hannu, kina sakin gyatsa mai ƙarfi, kina cewa alhamdulillahi. Ni kuma kowace safiya sai in tarar da ɗan ƙunshin tuwo a ganyen ayaba an rataye a ƙahon kekena. Na ɗauka Asiyatu ce. Da ita Asiyatu ta ce miki kin rame, kika ce tsufa ne, kika ƙara zani a kan zani, kika kore ta da faɗa.

Wata yamma ina facin taya Lukiya ta tsuguna kusa da ni tana riƙe min famfo.

"Baba Bwanali, kai ma idan ka tsufa za ka daina cin tuwo?"

"Wa ya ce miki tsofaffi ba sa cin tuwo?"

"Anganga mana. Ta ce mace idan jikokinta suka yi yawa cikinta rufewa yake, sai gyatsa kawai. Ni nake cin rabi, rabin kuma na mai keke ne. Amma ta ce kada in faɗa, wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Anganga, tayar ta suɓuce daga hannuna. Na tuna duk ƙunshin da na ci a gonakin mutane ina lasar yatsa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, domin na gane kina shirin mutuwa a hankali a bayan danga ɗaya da ni, kuma kunyar da ke tsakaninmu ita ce labulenki. 'Yarki ba ta isa ta sa ki ci ba. Aike ta bakin kaza ba zai cika miki ciki ba.

Hanya ɗaya na sani. A garinmu idan ana son a ɗage kunyar surukuta, mijin 'ya yakan kawo kaza a gaban dattijon gida, a yanka, suruka ta sa hannu a kwano ɗaya da shi. Bisa ƙa'ida ita ke zaɓar lokaci, kuma ke kin sha cewa sai ranar da kaza ta yi haƙori. Amma idan an riga an yanka an kawo, ƙin ci zagi ne ga mutum da danginsa duka. Na je na sami yayanki Che Makwinja na faɗa masa komai. Ya ce: "Kama kazar, ni zan riƙe wuƙa."

Jar kazar nan ita kaɗai ta rage mana, kuma ƙwanta Lukiya ke ci. Ban yi shawara da zuciyata sau biyu ba.

Da aka shimfiɗa tabarma aka kira ki, kin daɗe a ɗaki kafin ki fito. Kika zauna kin ba ni gefe. Che Makwinja ya ce: "To, ku dubi juna, ba dodo a cikinku." Na ɗaga kai. Ranar na fara ganin fuskarki, kuma an yi gaskiya da aka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Idanu sun faɗa, ƙasusuwan kumatu sun fito, leɓe ya tsattsage. Na yi shekaru ina zato kamannin Asiyatu zan gani, sai na ga yunwa. Hawaye ya zubo min a gaban yara, ban iya tare shi ba.

Ke kuwa kika dubi naman, kika dube ni, kika ce: "Kai yanzu tafintan namu ka yanka? To wa zai riƙa kai maka faɗa?"

Na ce: "Ki kawo da kanki, Anganga, ina nan. Bismillah."

"Ka ci, kai ke tuƙa keke."

"Sai kin fara. Loma taki, loma tawa. In kin tsaya na tsaya."

Kika harare ni, kika harari Lukiya da ta ɓuya a bayan Asiyatu, kika ce: "Ƙawar banza, mai bakin ganga." Sannan kika sa hannu.

Daga ranar ban sake cin abinci a gindin mangwaro ba. Kowace yamma kwano ɗaya, ni da ke, Lukiya a tsakiya tana ƙirga mana loma kamar alƙali. Kin san tafiyar da ke gabana da safe, kin san in ba ki ci ba zan hau keke da ciki wayam, don haka kika ci, kina ci kina mita. Kin gwada yankan ƙaramar loma, na yanki irinta. Kin gwada cewa kin ƙoshi, na wanke hannu na ture kwano. A cikin waɗannan watanni na ji labarin ƙuruciyarki, na ji dariyarki ba danga a tsakani, na sha faɗa fuska da fuska. Su ne watanni mafi wuya da gidan nan ya gani, kuma ba zan musanya su da shekarun ƙoshi ba.

Kin kai girbi, Anganga. Lukiya ta koma wurin uwarta da ƙiba, kin riƙe amana kin mayar cikakkiya. Kin gasa sabuwar masara da hannunki kin ci. Amma jikin bai gama dawowa ba, da ciwon ƙirji ya zo bai tarar da abin kokawa ba. Ajali ne, mun karɓa.

Yanzu idan Asiyatu ta ajiye kwano sai in sami kaina na wanke hannu ina jira a fara. Ranar sadakar uku Lukiya ta zo da uwarta, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko a can akwai wanda zai sa ki ci. Na ce mata Wanda kika je wurinsa ba a ɓoye masa komai, kuma rumbunsa ba ya ƙarewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Che Makwinja, da matata Asiyatu da 'yan uwanta, da jikoki na gida da na birni, da duk wanda ya taɓa cin tuwon hannunki, ya sani ko bai sani ba. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya yalwata kabarinki ya haskaka shi. Yadda kika ciyar da marar ƙarfi da matafiyi a lokacin da ke kanki kike bukata, Allah ya zaunar da ke a Aljannar Firdausi, ya ciyar da ke har ki ƙoshi, ki yi gyatsa ta gaskiya. Amin.