Ƙwan Tsargiya a Kan Gilashi

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma aikin da na yi wa wani dattijo masunci daga Baturiya ba zai taɓa fita daga raina ba. Zamanin Turawa ne, ban daɗe da gama karatun awon jini da fitsari ba aka turo ni wani ƙaramin asibiti a Haɗeja.

Dattijon ya daɗe yana fitsarin jini. Likitanmu Bature ya yanko ɗan nama daga mafitsararsa, ya ji tauri, ya ba ni in duba. In alli ne, irin wanda ke cikin ƙashi, ya taru a kan matattun ƙwan tsargiya, a nan za a yi magani. In ba shi ba ne, ana tsoron ciwon daji, sai a sa shi motar Kano washegari kafin ruwa ya yanke hanya. Shi kuwa bai taɓa wuce Kafin Hausa ba.

Yadda ake yi, a ɗora yankan naman a gilashi, a zuba ruwan azurfa, a sa a rana. Inda alli yake sai ya yi baƙi. To tataccen ruwanmu ya ƙare, na yi gangancin haɗa maganin da ruwan rijiya. Nan take ya koma fari kamar nono, gilashin ya ɓaci. Ina jin gishirin rijiyar ne. Saura yanka ɗaya tak.

Na ƙudura ba zan bari a kai dattijon Kano a kan kuskurena ba. Da hadari ya taso da hantsi na kai kwano tsakiyar fili, nesa da indararo, na tari ruwan sama, na zubar da na farko, na tace na biyu. Magani ya haɗu garau. Sai dai rana ta ƙi fitowa.

Dattijon yana kan tabarma a baranda yana kallona. Ya ce, “Malam, me ka ajiye a sama kake ta leƙe? Ko can surukanka suke?”

“Rana nake nema, Baba.”

Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. “Iska ta juya. Kafin la’asar za ka samu rana, amma ba za ta zauna ba.”

Haka aka yi. Na ɗora gilashin a faranti, na ɗauka ina bin hasken daga wannan kusurwa zuwa waccan, har hannuwana suka sage.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma na ga baƙaƙen ɗigo jere, kowanne da siffar ƙwai. Duk da haka na ce wa likita, “Ina jin kamar, watakila dai...”

Ya katse ni da karkatacciyar Hausarsa. “Ka gani, ko ba ka gani ba?”

“Na gani. Ƙwai ne.”

Ya leƙa da kansa, ya ce a cire sunan dattijon daga motar.

Har yau mai kaffa-kaffa ne ni. Amma ranar na gane wurin tsoro shi ne lokacin da hannu ke kan aiki. In an gama, an tabbatar, a faɗa kai tsaye, don akwai mai jira a kan tabarma.